Kuɓewar da Aka Ɗaura wa Jan Tsumma

Bari in riga ku faɗa, tunda na san ko na yi shiru za ku faɗa a bayan idona: a labarin nan ni ne wawan. Ban musa ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne yadda kuke ba da shi a wurin suna da biki, kuna cewa Baba ya kai gadon Inna injin niƙa, jikoki suna ta ƙyaƙyata dariya kamar wani mahaukaci ne ya faɗo gida da rana tsaka. Na kai ɗin, gaskiya ne. Amma ita ma wauta tana da asali, kuma tawa 'yar gidan mutunci ce. Tsoro ne ya haife ta, ƙaramin sani ya yi mata wankan jego. To ku zauna ku ji tarihinta daga bakin mai ita.

Kun san bokona a aji biyar na firamare ya tsaya. Sauran karatun a kujerar direba na yi shi, shekara talatin ina tuƙa manya a wata ma'aikata a Abuja, in bar Suleja bayan asuba, in sha cunkoson Madalla, in dawo an yi magariba. Duk wanda ya yi shekara talatin yana jin hirar manya ta bayan ƙeyarsa, dole wata rana ya ɗauka shi ma ya yi digiri. Na ji ana tsare-tsare, na ji shirin ko-ta-kwana, na ji kwamiti, na haddace su tsaf, sai dai ban sami inda zan sauke su ba har na yi ritaya. Ina ritaya sai ga shekarar kullen korona.

Ku da kuka yi ta a gidajenku kun san taku, ni ga tawa. Ranar da aka ba da damar cin kasuwa na sa babbar riga na fita kamar mai zuwa ɗaurin aure, na zaga rumfunan 'yan gwari, na dawo da tumatir uku, biyu daga ciki sun fara kuka. Motocin da ke sauko da kaya ba su zo ba. Na zauna a zaure na daɗe ina duban ledar nan, sai wani tunani ya zo mini wanda har yau ban janye shi ba: ashe mu mutanen gari, tsakanin tukunyarmu da gona akwai mota, akwai titi, kuma duk ranar da aka rufe titin an rufe mana baki. Mun yi gidaje, mun yi siminti har bakin ƙofa, mun ce mun waye, alhali cikinmu yana hannun wani direba da ba mu taɓa gani ba. Ni da na yi tuƙi na san yadda mota take mutuwa a hanya ba sallama. A ranar na yi alkawari, in Allah ya fitar da mu, ba za a sake kama gidana ba shiri.

Filin bayan gida, wanda na ajiye da niyyar zuba ɗakunan haya kamar yadda kowa ke yi, shi na ce zai zama lambu. Da damina ta kewayo na sayi littafin rubutu, na rubuta a bangonsa Kwamitin Ko-ta-kwana na Gida. Ni ne shugaba, ni ne sakatare, Innarku kuma na ba ta muƙamin mamba ba tare da ta nema ba. Na tara buhunan siminti na cika da ƙasa da kashin kaji kamar yadda na gani a waya, na yi kunya-kunya da igiya don su miƙe, na sayo irin kabeji da karas da latas a cikin fakiti mai hoto. 'Yan unguwa suka sa mini Kwamanda, ni kuwa na amsa, don ban ji alamar zolaya a ciki ba.

Abin da ban kula ba shi ne, gidan nan da ma yana da lambu. Can bayan madafi, inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa, Innarku tana da ɗan lungunta: zogale biyu, yakuwa, rama, sai layi ɗaya na kuɓewa. Ni a wurina wasan mata ne. Kuɓewar nan kuwa ba irin ta kasuwa ba ce. Gajera ce, mai kauri kamar babban yatsan maƙeri, jikinta da ƙaiƙayi. Ba ta gaggawa, sai damina ta yi nisa take fara 'ya'ya, amma ruwa zai ɗauke ita tana nan tana bayarwa. Guda biyar sun ishi tukunya, yauƙi kuwa sai ka yanke shi da yatsa. Kakarku marigayiya Iya ce ta gaje ta daga tata uwar a gonarsu ta Iku. Ranar da aka kawo Innarku gidan nan, mata suna can suna ƙirga kwanuka, Iya ta ja ta gefe ta danƙa mata ƙullin iri cuɗe da toka, da wani tsohon jan zanenta. Ta ba ta ka'ida biyu. Ta farko, ba a shuka iri duka, rabi a ƙasa, rabi a kwalba. Ta biyu, in kuɓewa ta yi 'ya'ya a zaɓi waɗanda suka fi kyau a ɗaura musu tsumma daga zanen nan, a bar su su bushe a jikin uwarsu, su ne irin baɗi. Duk wannan yanzu na san shi. A lokacin kuwa shekara arba'in ina shan miyar, ina lashe hannu, ban taɓa tambayar daga ina take fitowa ba. Mutumin da ke fita da asuba ya dawo da magariba baƙo ne a bayan gidansa.

Ka'idar farko ni na fara karya ta, kuma da bakina. Na ga kunyoyi uku sun rage babu abin zubawa, na tarar da Innarku tana mayar da kwalbar irin saman kabad.

"Hajiya, me ya rage a kwalbar nan?"

"Rabi."

"Rabin yana jiran wa?"

"Haka ake yi, Malam. Haka Iya take yi."

"Haka Iya take yi ba hujja ba ce a gaban kwamiti. Iri a kwalba bai taɓa cika cikin kowa ba. Muna shirin shekara guda ba kasuwa, ke kina ɓoye sojoji a bariki?"

"In aka shuka ruwa ya yi tsaiko fa?"

"Ga rijiya."

"In tsutsa ta faɗa?"

"Ga magani na sayo."

Ta dube ni irin kallon da ake yi wa yaron da ya ɗauki wuƙa yana cewa ya iya. Sannan ta sauko da kwalbar ta miƙo mini. Ta ce ba komai, in Allah ya kai mu kaka za ta ɗebi iri da yawa ta mayar. Na juye kwalbar tas, har tokar na karkaɗe a kan kunya, na rubuta a littafi cewa mamba ta ba da haɗin kai.

Sai maganar Maman Bulus. Ku manya kun san ta, don wasunku a bayanta kuka yi barci, amma saboda jikoki bari in faɗa. Malamar firamare ce 'yar Filato, ta yi shekara ashirin tana haya a gidan da ke jikin namu. A dangar da ta raba mu akwai wata kafa da mutum zai iya ratsawa in ya sunkuya, ta nan suke shige da fice ita da Innarku, ba sallama ba izini. Da Sallah tuwo da nama su ratsa can, da Kirsimeti shinkafa ta ratso nan. To ina cikin ganiyar mulkina sai kajinta suka shigo ta kafar suka tone mini gadon karas. Ban gama hucewa ba, washegari na same ta tsaye tana zagar zogale a faranti kamar yadda ta saba.

"Maman Bulus, ina kwana. Wa ya ba da izini?"

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. "Oga Kwamanda, zogalen ma sai an cika fom?"

"Ba wasa nake ba. Lambun nan yanzu ba na sadaka ba ne, na ranar wuya ne. In kowa ya zo ya zaga, ranar da aka rufe hanya me za mu ci?"

Dariyar ta ɗauke. Ta dubi farantin, ta dube ni, ta juye ganyen a kan buhun da ke kusa da ita a hankali, ta sunkuya ta fita. Kafin la'asar na sa an kawo langa-langa na toshe kafar, na buga ƙusa takwas. Innarku tana tsaye a ƙofar madafi tana kallona. Bayan wata biyu Maman Bulus ta gama ɗan ginin da take yi a Garam ta tashi. Ta zagayo ta ƙofar gida kamar baƙuwa ta yi sallama da Innarku, ni kuma na sami uzurin zuwa masallaci tun ba a kira salla ba.

Allah ya ba da damina mai kyau. Kabejina ya yi ganye ya ƙi naɗewa, karas ya fito kamar yatsun jariri, latas kuwa fari suka yi walima da shi. Amma kuɓewar Iya ta cika kunyoyi huɗu, ta fi ni tsayi, ni kuma ina kawo abokai suna gani ina cewa tsari ne. Ana cikin haka, wajen ƙarshen damina, ke Bilki kika yi haihuwarki ta biyu a Minna, Innarku ta shirya tafiyar mako uku. Da safen da za ta tafi na gan ta tana bin layi tana ɗaura wa wasu 'ya'yan kuɓewa jan tsumma. Ta ɗauki jaka, ta tsaya a kaina ina rubutu.

"Malam, ka riƙa tsinkar ƙananan kana yankawa kana shanyawa. Masu tsumma kada ka taɓa su."

"To."

"Ka ji ni kuwa?"

"Na ji, Hajiya. Mota za ta cika."

Na ji ɗin. Abin da ban yi ba shi ne tambaya, domin shugaban kwamiti ba ya tambayar mamba. Da na zaga lambu na ga jajayen tsummoki suna lilo, sai na yanke hukunci ni kaɗai cewa maganin kambun baka ne, irin camfin tsofaffi. Ni da na sha wa'azi a rediyon mota shekara talatin, a ce a gidana ana tsare kuɓewa da tsumma? Ga shi kuma su ne manya-manyan, su ne masu kyau, an bar su suna tsufa a banza alhali ina so in cika buhu. Na ba su kwana goma ina harararsu. Rana ta goma sha ɗaya na ɗauko kwando.

Da ina da rabon ganewa, da kuɓewar da kanta ta ganar da ni, don wuƙa ta ƙi shigarta. Ta yi tauri kamar icce. Mai hankali zai tsaya a nan ya ce lafiya? Ni sai na kifa turmi na ɗauko adda. Na sassare su, na shanya a tabarma tare da sauran, da suka bushe na ɗaure a buhu na kai injin niƙa. Mai injin ya saurari ƙarar da ke fita ya ce, "Baba, kuɓewa ce ko tsakuwa?" Na ce masa ya yi aikinsa. Ban tsaya nan ba. Da yake na karanta a waya cewa ba a barin ƙasa ta zauna banza, na bi karan kuɓewar na tuge su duka, na tara na ƙone, na gyara kunyoyi don kabejin rani. Tsummokin kuwa na kwance su na zuba a gwangwani, da niyyar in ta dawo in yi mata nasiha a kansu.

Ta dawo ranar wata Laraba da azahar. Ko mayafi ba ta cire ba ta wuce bayan gida, ni ina biye da ita da littafi a hammata, ina jiran yabo. Ta tsaya a bakin kunyoyin. Ƙasa a share tas, sai toka a gefe guda.

"Ina kuɓewar?"

"Tana ɗaki. Gari bokiti biyu, Hajiya. Ko shekara aka yi ba kasuwa..."

"Masu tsumman fa?"

"Har su. Ai wannan camfin nake so mu zauna mu..."

"Irin ne, Malam."

Haka kawai ta ce, ba ta ɗaga murya ba. Na buɗe baki in ce ai akwai na kwalba, sai na tuna wanda ya karkaɗe kwalbar. Na sha tsayawa gaban manya ina jin faɗa, na taɓa fasa fitilar motar wani babban sakatare, amma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ta tambayi tsummokin. Na kawo gwangwanin. Ta zauna a kan turmin da na yi aika-aikar a kansa, ta ɗauko su ɗaya bayan ɗaya tana warwarewa a cinya tana ninkewa. A nan na gane zanen. Na sha ganin Iya da shi tana zaune a tsakar gidan nan tana tsefe wa 'yar'uwarku Hauwa kai.

Ku kun san Innarku da baki, to a wannan karon ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Da yamma ta kaɗa miya da garin nan ta kawo mini. Duk loma sai na tsinci zare-zare kamar ina tauna tabarma. Na cinye tas, ita ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Bokiti biyu, ni kaɗai na shanye su a wata biyar, kuma duk wanda ya ce ban karɓi hukuncina ba bai san daɗin wannan miya ba. Tana gaishe ni, tana ba ni abinci, tana amsa magana, amma ta daina zuwa bayan gida. Ruwan wanke-wanke ma a kwata take zubarwa. Na je kasuwa na sayo irin kuɓewa kala uku na ajiye mata. Ta zuba a tafin hannu ta duba, ta mayar.

"Kuɓewa ce," in ji ta. "Allah ya amfana."

Iya ba ta bar zinariya ba, ba ta bar gida ba, gonar ma 'yan'uwa sun sayar tun tuni. Abin da ta bar wa 'yarta ke nan, abin da duk shekara yake tsirowa ya tsaya a bayan madafi kamar ta leƙo gaisuwa. Ni kuma na kai shi inji saboda ina tsare gida daga masifa.

Ban gaya wa kowa ba na hau mashin na tafi Iku, ina cewa ko a dangi ko a maƙwabta ba za a rasa mai irin ba. Inda gonar Iya take na tarar da ɗakuna a jere, kowace ƙofa da lamba, da shagon cajin waya a gaba. Na sami wani dattijo a gindin mangwaro na yi masa kwatance, gajera, mai kauri, mai ƙaiƙayi. Ya ce ya san ta, uwarsa ma ta yi ta. Na ce ina zan samu? Ya nuna ɗakunan da sandarsa.

"Alhaji, mu nan yanzu ɗaki muke shukawa. Shi ba ya son taki."

Na dawo na zauna a zaure. A ƙarshe dai na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na shiga na yi tambaya.

"Hajiya, duk shekarun nan ba ki taɓa ba wa kowa irin nan ba?"

Tana tsince shinkafa ta amsa. "Na ba mutane. Wasu sun cinye, wasu sun tashi. Mutum ɗaya na san tana ɗaura tsumma." Ta ɗaga kai ta dubi langa-langar da na buga.

Kwana uku ina shawara da girman kaina, a na huɗu na bar shi a gida na tafi Garam. A hanya ne wani abu ya dawo mini wanda na daɗe ban tuna ba. A cikin kullen nan, ranar da na dawo da tumatir uku, da me aka yi miya? Maman Bulus ce ta miƙo kwanon busasshen tumatir da manja ta kafar danga, Innarku ta miƙa mata kuka da daddawa. Makonni aka yi haka, abin da babu a nan yana can. Ni na riƙe hoton kasuwa babu kaya na gina kwamiti a kansa, na manta ta inda abincin ya shigo. Ashe ƙofar da ta ciyar da ni ita na fara bi da ƙusa.

Na yi tambaya wajen cocinsu aka nuna mini gidan. Tana zaune a ƙofa tana ɓarar gyaɗa. Ta sa hannu a goshi ta ƙare mini kallo.

"A'a! Oga Kwamanda! Yaƙin ya iso Garam ne? Ko kajina ne suka sake zuwa Suleja?"

Na ce ba ko ɗaya. Ta ba ni kujera, ta kawo ruwa, ta tambayi Hajiya da yara ɗaya bayan ɗaya har jaririn Minna. Na yi ta kewaye-kewaye, na yabi ginin, na yabi unguwa, har ta ce, "Baba, ba ginin ka zo gani ba." Sai na faɗa mata duka, ban rage adda ba, ban rage inji ba. Na shirya wa dariya, amma ba ta yi ba. Ta rufe baki da hannu.

"Ka niƙa? Kuɓewar Iya? Wayyo 'yar'uwata." Ta sauke hannun. "Ka san da na haifi Bulus ba ni da kowa a Suleja? Iya ce ta yi mini wanka kwana arba'in. Da miyar nan ta tashe ni."

Ta miƙe ta ce in biyo ta. A bayan gidan, jikin katanga, ga karan kuɓewa sun bushe a tsaye, a jikinsu 'ya'ya gajeru masu kauri sun yi ruwan ƙasa sun fara tsagewa. Kowanne da tsumma a wuya, shuɗi, an yago daga zanen zumuntar matan coci. Ta karya guda ta girgiza a kusa da kunnena, na ji irin yana kaɗawa a ciki. Ban san sanda na miƙa hannu biyu ba kamar mai karɓar zakka.

Ta mayar da hannunta baya. "Ba a hannunka ba, Oga. Hannun da ya ba ni shi zan mayar wa. Ranar Asabar zan zo. Amma ta ina zan shiga? Na bar ka kana buga ƙusa."

"Ai kin tashi daga can. Ta ƙofar gida za ki shigo, da girmanki."

"Ni na tashi. Wa ke ɗakin yanzu?"

"Wasu ne dai. 'Yan haya."

"Sunansu?"

Na ce ban sani ba.

"To ka sani kafin Asabar."

Ƙusa takwas na buga, takwas na cire, kuma cirewar ta fi wuya don sai da na yi sallama na gabatar da kaina ga mutanen da suka yi wata huɗu a jikin gidana. Wani mai gyaran waya ne da matarsa Dorkas, 'yan Binuwai. Ranar Asabar Maman Bulus ta sauka a mashin, ta ƙi bin ƙofarmu, ta shiga ta tsohon gidanta, ta sunkuya ta ratso ta kafar nan da ƙullin leda a hannu tana kiran, "Masu gida, a ba ni zogale!" Innarku ta fito daga madafi. Ta kwance ƙullin, ta ga abin da ke ciki, sai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Ranar da ta tarar na niƙa irin ba ta yi kuka ba, sai ranar da ya dawo. Ni dai na ga ashe akwai aikin da ke jirana a zaure.

Kada ku ɗauka ina cewa tsorona ƙarya ne. Hanya tana rufuwa, kaya suna tsada, kun gani da idonku, kuma tun daga shekarar gidan nan bai sake rasa abin miya ba. Na bar kabeji ga masu iyawa, na koma yakuwa da rama da tattasai da alayyafo, muna ci muna shanyawa. Duk wanda yake da ko taki biyar na ƙasa a cikinku ya shuka wani abu, ko a buhu ne. Wannan shawarar Kwamanda ce kuma tana nan daram. Abin da na kasa ganewa shi ne, ni ina shirin shekara guda, matan nan sun fi shekara ɗari suna nasu shirin ba littafi.

Da damina ta dawo aka shuka rabi aka bar rabi, ba wanda ya nemi ra'ayin kwamiti. Kuɓewa ta yi, jan tsumma ya koma wuyanta, ni kuma in zan wuce ta wurin sai in sa hannuwana a aljihu. Da kaka aka fasa iri ya kusa cika mudu. Don in nuna na yi hankali, na je na sayo ɗan akwatin ƙarfe da kwaɗo, na kawo shi tsakar gida da alfahari. Na tarar da Innarku a tabarma tana ƙulla irin a ƙananan tsummoki, ƙulli ya kai bakwai.

"Wannan fa na mene ne?"

"Wannan na Bilki, wannan na Hauwa. Wannan na Dorkas. Wannan a mayar Garam. Wannan na matar mai injin niƙa..."

"Haba Hajiya! Da ƙyar fa muka samo shi. Ni na san wuyar da na sha. Ga akwati na sayo, a zuba a kulle, makulli a wurina. Kina rabar da shi gida-gida, in wata masifar ta zo fa?"

Ba ta ko ɗaga kai ba, ta ja bakin ƙullin da haƙori ta ɗaure.

"Malam, irin nan ya ga fari, ya ga tsutsa, ya ga kulle, duk bai ɓace ba. Masifa ɗaya ce ta taɓa cinye shi, ga ta nan tsaye a kaina da kwaɗo a hannu. Shi ya sa nake kai shi gidajen da ba ka."